Na ɗauki hoton wata dattijuwa a kasuwa ba ta sani ba, yanzu Baba ya hana ni ɗaukar hoto

Assalamu alaikum Malam, dan Allah shawara nake nema. Ni matashi ne ɗan shekara 24 a nan Kano, na gama difloma ina zama a shagon mahaifina a kasuwa, atamfa da shadda muke sayarwa. Tun bara sha'awar ɗaukar hoto ta shige ni, ba na biki ko na situdiyo ba, irin wanda zaka fita titi ka ɗauki mutane suna harkokinsu, 'yan dako, masu shayi, yara suna buga ƙwallo a lungu, a YouTube nake koyo da wayata kuma ina ɗorawa a Instagram da Facebook mutane suna yabawa. To watan jiya na ɗauki wata dattijuwa mai sayar da dafaffiyar gyaɗa tana gyangyaɗi a gaban farantinta, bata sani ba, hoton yayi kyau wallahi, na ɗora sai ya yaɗu, wasu shafuka suka ɗauka suna rubuta maganar talauci a ƙasansa. Ɗanta ya gani ya nemo ni har shago yayi ta faɗa a gaban mutane wai na tozarta masa uwa. Baba yaji kunya sosai, yace kar ya sake jin na ɗauki hoton kowa, kuɗin da na tara zan sayi kyamara kuma yace in zuba su a jari. Na goge hoton. Wani abokina yace ai doka bata hana ɗaukar hoto a titi ba, Turawa ma haka suke yi, inci gaba a ɓoye kawai. Ni kuma wallahi raina yana wajen hoton nan, ko bacci bana iya yi sosai. In haƙura ne gaba ɗaya ko inci gaba ba tare da Baba ya sani ba?

Wa alaikumus salam ƙanina. Na karanta saƙonka a natse, kuma tun kafin mu yi nisa bari in cire maka ɗaya daga cikin zaɓin nan biyu, maganar ci gaba a ɓoye ka manta da ita. Hoton titi dama ba abin ɓoyewa bane, a bainar jama'a ake ɗauka a bainar jama'a ake nunawa, kasuwar nan kuwa kowa ya san ɗan wane ne kai, ko sati biyu ba za a yi ba wani zai zo gaida Baba yace ai naga yaronka jiya yana ɗaukar 'yan kura a bakin titi. Ranar kuma abin da zai tsaya masa a rai shi ne ya faɗa maka magana ka tsallake, wannan yafi na farkon wuyar gyaruwa nesa ba kusa ba. Amma kuma bana jin sai ka haƙura gaba ɗaya, akwai hanya, sai dai zata ci lokaci kuma akwai bashin da zaka fara biya.

Bashin nan na dattijuwar nan ne. Ka tsaya kayi tunaninta da kyau, mace ce mai shekaru ta fito neman halaliyarta, rana ta dake ta, gajiya ta kama ta ta ɗan runtse ido, a daidai lokacin da bata da ikon gyara mayafinta ko tace maka a'a yaro bana so, a lokacin ka ɗauke ta. Tana da surukai, tana da jikoki, tana da matan unguwa da suke haɗuwa wajen suna da biki. Shi kuma ɗan nata ka san abin da ya tunzura shi? Ina kyautata zaton abokansa ne suka turo masa a WhatsApp suna tambaya wai ba Mamarka bace wannan, kuma ka san yadda mutanenmu suke, magana zata koma wai ya bar uwarsa tana talla a rana shi yana ina. To mutumin da aka taɓa ta nan wajen ba zai zo maka da lallami ba. Faɗan da yayi a gaban shago bai kyauta ba, kamata yayi ya ja ka gefe ko ya samu Baba a gida, amma zafin da yaji zafi ne na gaskiya.

Na yarda ɗari bisa ɗari baka yi don ka ci mutuncinta ba. Kai haske ka gani ya sauka a fuskarta, ka ga farantin da hannun da ya tsufa, zuciyarka ta ce wannan abu ne mai kyau, kuma wannan idon da Allah ya baka shi ne yasa nake cewa kar ka bar hoto, ba kowa ke wucewa ya ga abin da ka gani ba. Sai dai hoto in ya bar wayarka ya shiga intanet ba kai kake rubuta masa bayani ba kuma, kowa abin da yaga dama zai manna masa a ƙasa, ita kuma mai fuskar ita zata kwana da abin.

Maganar abokinka kuwa rabin gaskiya ce. Eh a Amurka da Ingila galibi doka ta bar mutum ya ɗauki abin da yake gani a wajen da jama'a ke wucewa. Amma ba duk Turawa bane haka, a Faransa ɗin ma, ƙasar su Henri Cartier-Bresson da masu koyar da hoton titi suke yawan ambata, tun 1970 suka sa a dokarsu cewa kowa yana da haƙƙin a mutunta rayuwarsa ta sirri, kuma mutane suna kai ƙara kotu kan an wallafa hotonsu ba izini. A nan gida sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin 'yan ƙasa, ga kuma dokar kare bayanan mutane ta 2023. To amma ni ba ma ta kotu nake bi ba. Mu a nan ko gidan ƙaninka zaka shiga sai kayi sallama an amsa, ɗaukar fuskar mutum ka kai ta gaban dubban mutane ba tare da ka gaishe shi ba kamar ka faɗa masa cikin gida ne ba sallama, ko da kuwa alheri ka kawo.

Saboda haka goge hoton da kayi bai isa ba, don ita bata ma san ka goge ba. Ka samu Baba cikin ladabi kace masa kana so kaje ka bata haƙuri, ka roƙe shi ya haɗa ka da wani babba, baffanka ko kawunka ko wani dattijon layinku da ake jin maganarsa. Ku fara ta wajen ɗan nata, shi zai kai ku, kuma gida zaku je ba wajen sana'arta ba don kar a sake tara mata jama'a. Wayarka ta zauna a aljihu. Ka durƙusa ka gaishe ta kace Iya na yi kuskure na ɗauke ki baki sani ba, ki yafe min, kar ka tsaya bayanin wai ai hoton yayi kyau ko mutane sun yaba, wannan ba abin da zai shiga kunnenta bane ranar. In zaka riƙa ɗan wani abu, turmin atamfa daga shago wanda ka biya da kuɗinka ko sabulu da goro, ka miƙa ta hannun babban da ya raka ka a matsayin gaisuwa, kar ka ciro kuɗi a gaban ɗanta, zai ji kamar kana ƙara tabbatar da maganar talaucin ne. Sannan ka bi shafukan da suka ɗauka ɗaya bayan ɗaya ka tura musu saƙo cewa kai ka ɗauki hoton, iyalanta basu yarda ba, su cire, wanda yaƙi ka kai rahotonsa ga Facebook ko Instagram ɗin, akwai wajen yin hakan kuma kasancewar kai ne mai hoton yana ƙara maka ƙarfi. Ba lallai duka su cire ba, amma ka nuna wa ɗan nata saƙonnin ya ga ka motsa.

Shi kuma Baba, ƙanina ka fahimce shi. Ɗan kasuwa jarinsa na farko mutuncinsa ne, da shi ake bashi kaya bashi, da shi maƙwabta ke bar masa ajiya, sai gashi an zo ƙofar shagonsa ana ɗaga murya ana nuna ɗansa da yatsa. Hanin da yayi maka a cikin zafin wannan ranar yayi shi. Don haka yanzu ba lokacin jayayya bane, ka bi maganarsa cif, kar ka ɗauki kowa, ka riƙa fitowa shago da wuri, ka bari ƙurar ta lafa har ya ga da idonsa kaje ka bada haƙuri an karɓa. Akwai kuma abin da ya kamata ka gano, shin kunyar da yaji ce kawai ko dama can yana da ƙyamar hoto ta fuskar addini? Don malamai sun yi saɓani kan hoton kyamara, akwai masu tsanantawa in ba na larura ba irin na fasfo da katin shaida, akwai masu ganin ya halatta in abin da aka ɗauka ba haram bane. In ta nan damuwarsa take to ba bidiyon YouTube zaka kawo masa ba, malamin da shi Baban ya yarda da shi zaku je wajensa tare ku ji. Umma ko baffanka zasu fi ka sanin wanne ne a ciki, ka tambaye su.

In abubuwa sun yi sanyi, ka nemi izini ƙarami tukuna. Kace Baba ka bar ni in riƙa ɗaukar kayan shago ina tura wa kwastomomi, yanzu ai ciniki da yawa ta WhatsApp ake yinsa, mata na zaune a gida a Gusau ko Maraɗi suna zaɓar zani ta waya. Kar ka raina wannan aikin, ɗaukar shadda ta fito da ainihin kalarta da sheƙinta makaranta ce babba, a nan zaka gane cewa fitilar shago tana canza kala, shuɗi ya koma wani abu daban, zaka gane ka fito da ita bakin ƙofa inda hasken rana ke shigowa a kaikaice, zaka koyi jera kaya da cire tarkacen da ke baya. Ranar da wata ta sayi turmi biyar saboda hoton da ka tura, Baba zai fara kallon abin da wani ido. Daga nan sai mataki na gaba, mutanen layinku da suka san ka tun kana yaro, mai shayin da kuke sha wajensa, ɗan dakon da ke sauke muku dila, telan da ke bayanku, ka tambaye su, ka ɗauka, ka nuna musu a waya, kaje ka wanko ka kawo musu a hannu. Wallahi akwai mutanen da suka shekara talatin a kasuwa basu da hoto ko ɗaya suna bakin aikinsu, duk na katin zaɓe ne da na fasfo.

Zaka ce min to ai in an tambayi mutum sai ya ƙame ya gyara hula, hoton ya zama na situdiyo. Gaskiya ne a ranar farko. Amma in kullum kana nan, ka ɗauka yau ka ɗauka gobe, sai su gaji da gyara hular su koma harkarsu su manta da kai, a lokacin ne zaka samu irin hoton da kake nema kuma da yardarsu. Manyan masu hoto na yankinmu haka suka yi. Malick Sidibé na Bamako a Mali, gayyatarsa samari da 'yan mata suke yi wajen shagulgulansu a shekarun 1960, ya ɗauka, ya wanke, su biyo shi shago su zaɓi nasu su saya, kowa ya san shi, kuma wannan aikin ne ya kai shi ga babbar lambar yabo ta baje kolin fasaha na birnin Benis a Italiya a 2007. J.D. 'Okhai Ojeikere ɗan Najeriya ne, daga 1968 ya kama ɗaukar kitson mata, ya tara hotuna kusan 1,000 kuma da yawansu ta ƙeya ya ɗauka ko fuska babu. Ga kuma Fati Abubakar 'yar Maiduguri da ta fara shafin hotunanta mai suna Bits of Borno a 2015 lokacin da duniya bata jin komai daga Borno sai tashin bam, ita tsayawa take tayi hira da mutum ta ɗauke shi sannan ta rubuta abin da ya faɗa da bakinsa a ƙasan hoton. Ka duba aikinta da kyau, don da ace maganar dattijuwar nan ce da kanta a ƙasan hotonka, da masu shafukan nan basu samu wajen manna tasu ba.

Ta ɓangaren koyon kuwa wayar da ke hannunka ta ishe ka har nan da wani lokaci mai tsawo. Ka riƙa goge gilashin kyamarar kafin ka ɗauka, ka kunna layukan nan da ke raba fuskar waya gida tara ka daina dasa mutum a tsakiya kullum, ka daina jan zum da yatsa don yana ɓata hoto, ka matsa da ƙafarka. Haske mafi daɗi a garin nan da hantsi ne da kuma bayan la'asar, da tsakar rana inuwar hula tana rufe ido fuska ta yi baƙi ƙirin, musamman in mutum ya sa farar riga, waya sai ta bi farin ta duhunta fuskar, to ka danna kan fuskar ka ɗan ɗaga hasken da hannunka. Cikin rumfunan kasuwa inda rana ke ratsowa ta tsakanin kwano da tamfol, ka samu waje ɗaya mai kyau ka tsaya ka jira wani ya shigo cikin hasken maimakon ka yi ta bin mutane a baya, tsayuwar ma tana sa a saba da kai. In wayarka tana da wajen da aka rubuta Pro, ka gwada saurin ƙiftawar kyamara a 1/250 na daƙiƙa ga mai tafiya a ƙasa, 1/500 ko sama ga adaidaita sahu da babur, ISO kuma, wato ƙarfin ɗaukar haske na kyamarar, 100 zuwa 400 ya wadatar da rana. Lokacin hazo hoto yana yin laushi mai kyau amma ƙurar tana kashe kala, ka koyi gyarawa kaɗan a manhajar gyaran hoto irin Snapseed ko Lightroom, kaɗan fa nace, kar ka mayar da mutum kalar da uwarsa ba zata gane shi ba.

Akwai kuma waɗanda ko Baba ya sake maka mara ba zaka ɗauka ba sai da izini bayyananne, matan mutane, yara ƙanana sai iyayensu sun sani, almajirai sai ka je wajen malaminsu, mai bara, mara lafiya, wanda yayi hatsari, gawa da masu makoki. Bariki da shingen jami'an tsaro da filin jirgi kuwa ko kusa kar ka ɗaga waya, nan ba faɗan baki zaka sha ba. Kuma ka san halin da ake ciki da masu ƙwacen waya, kar ka fita lungunan da ba a san ka ba kai kaɗai da magariba. In kana son motsa hannu a inda ba rigima, Kano cike take da su, marinar Ƙofar Mata sun saba da masu hoto ka gaishe su ku daidaita, ga ƙofofin gari da zanen jikin tsofaffin gidaje, ga Gidan Makama, ga garin gaba ɗaya daga saman Dala, in Sallah ta zo aka yi hawa ga Hawan Daushe inda mahayan kansu so suke a ɗauke su.

Kuɗin kyamara kuma, ni shawarata ka bi Baba ka zuba su a jari, amma ka roƙe shi a rubuta su a matsayin naka, ribar da suka kawo a riƙa ware maka. Ba asara kayi ba, kyamara ba guduwa zata yi ba, kuma wanda ya shekara yana ɗauka da waya yafi sanin irin wadda yake buƙata. In lokacin yayi ba sai sabuwa ba, ta hannu ƙirar Canon ko Nikon ko Sony da gilashi ɗaya mai lamba 35 ko 50 ta ishe ka, ka tafi da wanda ya san harkar ya duba maka adadin hotunan da ta taɓa ɗauka, ya haska cikin gilashin ko akwai fumfuna, ya gwada batir da caja, kuma kar ka riƙa cire gilashi a waje lokacin ƙura. Kafin nan in Baba ya yarda ka nemi wani mai situdiyo mai mutunci ka riƙa binsa ranar da ba kasuwa, ka riƙe masa fitila ka ɗauki jaka, zaka taɓa kyamara ba tare da ka saya ba, kuma shi Baba zai fi natsuwa in yaga kana ƙarƙashin ubangida kamar kowace sana'a.

To in duk kayi wannan Baba yace shi dai fuskar mutane bai yarda ba, kar ka ja da shi, ka tambaye shi ko ya yarda da gine-gine da kaya da hannayen masu sana'a, hannun maƙeri a kan uwar maƙera, hannun marini da shuni ya rina, ƙafar mai keken ɗinki, wannan kaɗai aikin shekaru ne kuma ba wanda zai biyo ka shago a kansa. In ma wannan ɗin yace a'a, to ka ajiye na ɗan lokaci, ka ci gaba da karatun abin da kallon aikin wasu, bayan wata uku ko huɗu ka sake turo baffanka ya taɓa masa maganar a lokacin da yake cikin nishaɗi, iyaye suna sauka in suka ga yaro bai yi musu taurin kai ba. Ka fara da zuwa gidan dattijuwar a satin nan kar ka bari ya wuce, in kun dawo ka rubuto min yadda kuka yi da ɗan nata, daga nan sai mu san yadda za a tunkari Baba. Allah ya huci zuciyarsa ya kuma yi maka albarka.